Mai Sallama Ya Ɗaga Murya

A hawa na uku na wani asibitin Tibilisi,
kwana uku da zuwan al'adata,
aka ɗebi jinina a 'yar kwalba
wadda ba ta kai ɗan yatsana ba.
Aka liƙa mata suna: Eteri, arba'in da ɗaya.

Da sakamako ya fito, Likita Gwansa ta kifa takardar,
ta yi min zane a bayanta.
Ta ce, "Ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙulli,
bai fi ƙwayar wake ba.
Duk wata yakan aiko jakada ta cikin jini,
ya tsaya ƙofar gidan ƙwai ya yi sallama.
A da, kafin ya rufe baki an amsa.
Yanzu mutanen gidan sun ragu,
shi ya sa lambarsa ta hau.
Ba ƙarfi ya ƙaru ba,
shiru ne ya sa shi ɗaga murya."

Ni kuwa sana'ata gyaran muryar fiyano.
Na san waya idan ta saki.
Na san yadda ake ɗaure ta, a ƙara ɗaurewa,
har ta ba da sautin da ake nema
ko ta tsinke a fuskar mai gyara.

Na ce, "Wannan lamba ta ƙasa fa?"
Ta ce, "Raɗa ce.
Ƙananan ƙwai masu jiran layi ke yin ta.
In suna da yawa, takan cika ɗaki.
Taki sai an kasa kunne.
Amma ƙidaya ce kawai, ba hukunci ba,
ba ta san wanne zai tashi ba."

Ban hau bas ba. Na taka har kasuwa,
inda gwaggona Siyala ke kasa rumman.
Ba ta tambaye ni komai ba.
Ta fasa ɗaya da babban yatsa,
ruwan ya bi ta gwiwar hannunta.

Wai tun ina ciki aka cika min rumbu,
miliyoyi, kafin in ga hasken rana.
Ashe ban fara numfashi ba na fara asara.
Ba ɓarawo, ba ɓera.
Haka suke sulalewa kowane dare:
ina makarantar kiɗa suna tafiya,
shekara bakwai ina jinyar babana suna tafiya,
ina jiran Temur ya dawo daga jiragen ruwa
suna ta tafiya, ba ko sai-an-jima.

Sai na tuna kakata Makwala,
da tsohon ciki, tana keta ƙanƙarar tsaunin Raca
don ta kai wa shanu ciyawa.
Uwata na cikinta,
rabina kuma na cikin uwata.
Mu uku a takalmi ɗaya.

Da dare zafi ya taso min daga ƙirji,
na yaye bargo, ana tsakiyar sanyi.
Temur ya juyo ya ce, "Lafiya?"
Na ce, "Baƙo ne ke buga ƙofa."
Ya tashi zai duba, na riƙo rigarsa.

Ranar Alhamis za mu koma.
Akwai allurai, akwai kuɗin da ba mu tara ba,
akwai wataƙila, wadda likita ta faɗa sau huɗu.
Ban ce e ba, ban ce a'a ba.

Yau dai na je gidan wata tsohuwa
mai fiyano da ya girme ta.
Wayoyin sama duk sun gaji,
amma na ƙasa, da na taɓa,
sai da gilashin taga ya amsa.

Ina ɗaure jakar kayan aiki
na ji shi can ƙasan kaina,
har yanzu yana tsaye, yana ta kira.
Na ce masa, "Na ji ka.
Shigo ka zauna, ka sha ruwa.
Akwai mutum a gidan."