Masu Kama da Fanka Uku

Fanka Uku suke kiran kansu,
alhali su huɗu ne, na biyar ɗinsu janareta.
A bayan tsohuwar masaƙar Kakuri suke gwaji,
da jita mai tsarkiya biyar, ta shida ta tsinke tun bara waccan.
Ba su ɗaura wata ba, wai a giɓin nan waƙa ke kwana.
Sun yi wa akuyar da ta cinye takardar kuɗin wuta waƙa,
sun yi wa lema mai yoyo,
sun yi wa kifin da ya ƙosa da kogin Kaduna
har ya fito neman aiki a gidan ruwa.

Sai mai ganga ya samu koyarwa a Kafanchan.
Mai jita ya sayar da lasifika, ya sayi firji.
Shi ke nan.
Waƙa goma sha ɗaya suka bar mini a waya,
na ji su har na san inda Didam ke tari a ta bakwai.

Na je wurin Sallau mai turi a Kasuwar Barci.
Na ce, kana da irinsu?
Ya ce, irinsu ta wace fuska, haukan ko daɗin?
Ya tura mini waɗansu na ƙetare,
sautinsu kamar maƙeri yana zuga da dariya a bakinsa.
Na ji har gida. Suna da kyau.
Kyan ne ma ya yi yawa, ko ƙura babu a muryarsu.

Zugwai ta kira ni daga Barnawa da dare,
ta ce, kai dai ka cika makoki,
je ka Narayi ranar Asabar, akwai Gishirin Laraba,
mata uku da ƙahon da suka aro ba su mayar ba,
ɗayarsu tana kaɗa bokiti da cokali mai yatsu.
Na ce, suna kama da su?
Ta ce, kamar yadda kunu ke kama da koko.

Har Cindo mai keken da ya kwaso ni daga Kawo
ya tsoma baki tun kafin mu hau gada:
in ƙara kake so wadda ba ta bin layi,
zo ka tsaya gaban injin niƙan unguwarmu, kyauta ne.

Na je Narayi don in samu abin kushewa.
Ruwa ya sauko, kwano ya shiga kiɗan ba a gayyace shi ba,
mai ƙahon ta kuskure, ta tsaya, ta ce a yi haƙuri,
ta sake kuskurewa daidai wurin,
sai kawai suka mai da kuskuren amshi.
Ban san lokacin da ƙafata ta fara ba.

Ba su ba ne.
Na faɗa wa Zugwai haka, ta ce to wa ya ce su ne?

Jiya wani yaro a rumfar Sallau, hularsa a karkace,
yana tambaya ko akwai masu kama da Gishirin Laraba.
Sallau ya nuna ni da haɓa.
Na miƙa wayata na ce, tura masa duka sha ɗayan.
Ta bakwai ɗin akwai tari a tsakiya,
kada ka yanke, a nan ya fi daɗi.