Ƙafar Dama

Ni tela ne, da ƙafa nake ci.
Mutane hannu suke yabo, ba su sani ba:
hannu rakiya yake yi, ƙafa ke jan keke.
Shekara ashirin da uku a rumfa ɗaya, Kasuwar Dole,
ƙafar dama na sama, na ƙasa,
har ta gina mini ɗaki biyu a Garin Malam.

Ran Laraba, bayan la'asar,
na fito sayen baƙin zare da maɓalli.
Ban ji oda ba.
Abin da na tuna, takalmina ɗaya
kife a gefen kwalta,
da mai awara tana salati, cokali a hannunta.
Direban yaro ne, Lawali.
Ya fi ni kuka.

A likita aka ɗauki hoton ƙashina,
aka ɗaga shi ga fitila:
karan dawa da saniya ta taka.
Suka ɗinke ni, irin ɗinkin
da in yaron shagona ya yi
sai na sa ya farke.

Kwana uku, mai mota ya aiko
da sukari, da jaka ashirin cikin ambulan,
da dattawa biyu masu taushin murya.
"Mutari, ƙaddara ce. A bar wa Allah."
Na ce na sani ƙaddara ce,
amma ƙaddara ba ta hana gyaran birki.
Yaron na yafe masa tun ina kwance kan kwalta.
Mai kantin magani ne bai yafe mini ba.

Cima ta sai da tunkiya, ta sai da kwanoninta,
ta tara takardu a baƙar leda:
ta ƴan sanda, ta likita,
da wadda ke shaida cewa ni ne ni.
Masu asiransi suka ce, "Ku dawo Litinin."
Litinin ta zo, ta zo, ta zo.
Daga baya aka ce takarda na Yamai, sai an sa hannu.
Ashe takarda ma da ƙafa take tafiya,
ita ma wata mota ta buge ta a hanya.

Lauya ya ce, "Nawa kake samu a wata?"
Na ce wane wata, na Sallah ko na bazara?
Ya ce alƙali shaida yake so.
Na ce alƙali ya tsaya ƙofar masallaci ran Juma'a
ya ƙirga riguna.

Wani likita ya lanƙwasa gwiwata, ya miƙe, ya rubuta:
naƙasa, kashi goma sha takwas cikin ɗari.
Ni da na tsufa da awo a wuya
ban ga inda ya ɗora nasa ba.
Daga ina zuwa ina?
Ya sa sujadar da nake yi a zaune?
Ya sa hawan duwatsun Birni
zuwa gaida tsohuwata?

Barira mai awara ta zo shaida.
Ta sauke kasko, ta hau kabu-kabu da kuɗinta,
aka ɗage zama.
Sau uku.
Na huɗu ba ta zo ba.
Ban ga laifinta ba, waken suya ba ya jiran kotu.

Yau wata goma sha huɗu.
Ina koya wa ƙafar hagu sana'a.
Daƙiƙiyar almajira ce:
keke ya koma baya, zare ya tsinke,
in zage ta, in ba ta haƙuri.
Ta dama na miƙe kan buhun ƙyalle
tana kallo, kamar tsohon maigida da aka karɓe wa shago.

An ce mu koma ran tara ga wata.
Ledar Cima ta yage,
sai na ɗinka wa takardun jaka da guntun shadda.
Ɗinkin ya karkace.
Zai riƙe.