Hannun Dama Biyu

A Katangowa na same shi, wata Lahadi,
ƙarƙashin takalman gwanjo da wayoyin caja:
mutum-mutumin gwangwani, tsawonsa taƙi guda,
kai mai kusurwa huɗu, ido ja irin na maigadi.
Kafaɗar hagu rami ce, hannun ya daɗe da tafiya.
Na taya dubu, Okoro ya yi tsaki,
muka rabu a dubu da rabi, har da leda.

A gadon bayansa makulli ne, ya ci tsatsa.
Na ɗiga masa man keken ɗinkin Kubura,
na murɗa. Ya yi tari, ya ɗaga ƙafa,
taku uku a kan siminti, ya kife ta dama.

Mahaifina zubin tukwane ya yi a Agege,
bakin layin dogo, shekara talatin da ɗoriya.
Ni na guje wa wuta, na kama biro,
ina ƙirga shanu a mayankar Oko-Oba.
Ranar da aka raba gado, kaskon narki ya rage,
ba wanda ya miƙa hannu, sai na ɗauka.
Tun lokacin yana ƙarƙashin gado
yana tara gizo-gizo da tsofaffin silifa.

Daren nan na jawo shi.

Gwangwanin maltina bakwai na tsinto bayan shago,
gawayin ɗari biyar,
yashi mai laushi da na tankaɗe da rariyar tuwo,
Kubura na kallo, ba ta ce komai ba,
wannan shirun na san farashinsa.
Na kwance hannun da ya rage, na danna cikin yashi,
na bubbuga, na ɗaga, ga gurbinsa kwance,
har da yatsu da ɗan ƙusan gwiwa.

Gidanmu ɗaki goma sha biyu ne, tsakar gida ɗaya.
Da hayaƙi ya tashi Iya Sikira ta leƙo,
ta kwashe shanyarta tana faɗa da Yarbanci,
na gane rabi, rabin ma ya ishe ni.

Zubin farko ya yi tartsatsi, ya fito da ƙuraje,
yashin Legas ba ya rabuwa da laima.
Na biyu ya daskare a hanya, dungu ba yatsa.
Sai na tuna tsoho yana cewa,
sanholo kamar baƙo yake, kada ka tsai da shi a ƙofa.
Na uku na zuba bai ɗaya, ban ja numfashi ba.
Aka ɗauke wuta, janaretoci suka hau gardama,
ni ina tsugune ina jiran yashi ya huce.

Ya fito fari tas, da zafinsa.
Kwana biyu ina bin sa da magagari,
na haɗa fenti shuɗi da ɗan baƙi don ya tsufa,
na ɗaura, na matse ƙusa,
na kira Ladingo ta zo ta ga aikin ubanta.

Ta duba, ta sake dubawa, ta tuntsire da dariya.
Baba, babban yatsan baya yake kallo!
Ai kuwa. Dama na kwafa, dama ta fito.
Da tsoho na nan da na sha ranƙwashi.

Na ce gobe sai in sassaƙa na hagu da sabulu.
Ladingo ta rungume shi ta ce a'a,
wannan ko ta ina ya karɓi abu ba a yi masa faɗa.

Na murɗa makulli sau bakwai, na ajiye.
Ya miƙe sak, yana ƙiris-ƙiris,
ya wuce tabarma, ya wuce bakin ƙofa,
ya doshi bokitin Iya Sikira
ya tsaya yana ta gaishe shi.