Harufa Bakwai

A ofishin auduga na Garwa, hawa na biyu,
akwai ɗaki mai sanyi kamar cikin randa.
Can babbar na'ura take, dare da rana tana gurnani.
Ba a shiga da shayi, ba a shiga da surutu.

Ranar da na kama aiki
Hamajoda mai riƙon makullai ya ce, "Sunanka?"
Na ce, "Ɗan'azumi."
Ya ƙirga a yatsu, ya girgiza kai.
"Bakwai take ɗauka, kai ka zo da takwas.
Harafi ke shiga gaba, lamba ta biyo baya in ta so.
Babu sarari, babu ɗan waƙafin nan na sama,
ƙugiyar kan Ɗ kuwa, ba ta taɓa jin labarinta ba."

Ya buga, koren rubutu ya fito:
DANAZUM.

Kwana bakwai aka jira kafin a raɗa mini shi,
rago ya faɗi, wanzami ya wasa aska,
Inna ta ce ana tsakar buɗa-baki na iso,
ko dabinon ba ta gama taunawa ba.
Duk wannan bai shiga layi ɗaya ba.
An cire ƙugiya, ɗa ya koma da,
da wa? Da me? Na'ura ba ta tambaya.

Shekara ashirin da shida ina amsa guntun suna.
Da shi na biya manoman Pitowa,
da shi na gyara kilon wata gwauruwa daga Gashiga
da aka rage mata buhu biyu a takarda.
Kalmar sirri kan mutu duk wata, in haƙa sabuwa,
kuskure uku, a rufe maka ƙofa kamar ɓarawo.
Sau ɗaya na yi, ranar da aka kai Inna.

Da na ajiye aiki na ce a goge shi.
Suka ce ba a gogewa, kullewa ake yi,
don duk sefar da ya taɓa tana rataye a wuyansa.

Bana ɗan ƙanwata, takwarana,
ya haye gadar Binuwai da takardunsa a leda,
ya hau hawa na biyu.
Da magariba ya same ni ina ba tantabaru gero.
"Kawu, ta ce akwai mai sunan.
Ni DANAZU2 ne yanzu."

Na yi dariya har tari ya kama ni.
Ashe ina can har yau, cikin sanyi, a kulle,
na tare wa yaro wuri.

Na ce, "Zauna, ga tabarma.
Faɗi shi duka, da ƙarfi,
ka ja ƙugiyar daga maƙogwaro."
Ya faɗa.
Mu biyu muka amsa.