Aljihun Ƙarya

Daf da Ƙofar Guga, kafin kwanar masu faci,
akwai wata rumfa marar allon suna.
Cewa kawai ake, "Je wurin Baba Ilu."
Tun daga titi hanci ke yi maka jagora:
warin jima, man shanun da aka shafa wa fata,
da hayaƙin shayin da ba ya sauka daga gawayi.

Can na fara leƙa duniya, ina shekara tara,
riƙe da gefen rigar mahaifina.
Salka a rataye kamar akuya mai barci,
malfa bisa malfa har rufin kwano,
burgame, zabira, takalma masu ƙasan taya,
bargon gashin raƙumi mai kaushin harshen saniya,
da rigunan kaki masu aljihu takwas,
kowanne da aikinsa:
na dabino, na ashana, na allura da zare,
sai na ciki, daidai saitin zuciya,
na kuɗin komowa gida.

Baba Ilu ba ya tambayar nawa ka riƙo.
"Ina ka nufa?" shi ne buɗin ciniki.
In ka ce Maraɗi, ya yi dariya:
"Wannan ai leƙa maƙwabta ne."
In ka ce Agadas, ya gyara zama.
In ka ce Bilma,
ya miƙe da kansa, gwiwa na ƙara,
ya ɗaga labulen buhu,
ya fito da abin da ba a baje wa kowa.

A bango akwai taswirar da gara ta cinye rabinta.
Shi ya cike gurbin da alƙalamin kara:
rijiya nan, rijiya can,
wannan zartsi ce, waccan ta ƙafe tun shekarar fari.
Wanda ya dawo, ya zo ya faɗa, a gyara.
Wanda bai dawo ba,
a bar masa sunansa a littafin bashi, ba a sokewa.

Jiya na koma, bayan shekara talatin da wani abu.
Gilashi daga ƙasa har sama,
sanyin na'ura ya mare ni a ƙofa.
Sunan yana nan, cikin fitila mai ƙyafce.
Gumakan roba marasa kai
sun sha ado, ba inda za su.
Raƙumin ma yana nan,
an buga shi a ƙirjin riguna ɗari iri ɗaya,
bai taɓa jin ƙishirwa ba.

Na ɗauki wata mai kama da ta dā,
na kai hannu aljihu.
Yatsuna suka ci karo da ɗinki.
Baki ne kawai, babu ciki.

Yarinyar kanta, Ummita, mai fara'a ce,
ba laifinta ba ne.
Ta ce farashi na jikin takarda, ba a tayawa,
kati ko tura kuɗi.
Na jira ta ce, "Ina ka nufa?"
Ta ce, "In sa a leda?"

Maɓalli ɗaya na zo nema
na rigar mahaifina, ga ta a jikina,
gwiwar hannu faci uku,
wuyan ya sha gishirin gumin mutum biyu.
Manaja ya fito, ya zagaye ni sau biyu,
ya ce, "Alhaji, sayar mana da ita mana,
mu rataye a taga, don tarihi."
Ya faɗi kuɗin da ya fi kuɗin rumfar Baba Ilu
da duk abin da ke cikinta.

Ban ɓoye ba, na yi jim.
Akwai kuɗin makarantar auta.

Sai hannuna ya faɗa aljihun ciki,
ya taɓo ƙwallon dabino guda
wanda ban san ranar da aka ci shi ba,
ko a gindin wace rijiya.

Na fito rana da maɓallina a ɓalle.
A kwanar, mai faci ya ba ni guntuwar waya,
na ɗaure.