Kwalaben Lantana

Ƙarfe ukun dare nake hura wuta.
Kakuri na barci,
masaƙun da suka sallame mu sun daɗe da yin shiru.
Shekara goma sha tara ke nan ina cuɗa fulawa,
tun ranar da injin zare ya daina kiran sunana.

Damina ce ba ma ga-maciji.
Burodin da na gasa ran Litinin
kafin Laraba ya tsiro gemu, kore-kore.
Tanimu mai shayi ya dawo min da shi a leda,
ya ajiye a kan benci, bai ce uffan ba.
Da ma zagina ya yi.

Wani ya raɗa min sunan wata hoda
wadda hukuma ta hana,
wai rabin cokali, burodi ya tashi kamar matashin amarya.
Na tuna da shi jikokina ke karyawa.
Na ce a kai kasuwa.

Sai ga Lantana, 'yar ƙanena,
daga makarantarsu ta Tudun Wada,
jakarta sai ƙarar kwalabe take.
Ta jiƙa gujjiya da waken soya,
ta markaɗa, ta rufe,
ta ajiye gefen tanda inda ɗumi ke kwana,
har suka yi tsami suna tofar da kumfa.
Na ce, ke, ruɓaɓɓen abu za ki zuba min a ƙullu?
Ta ce, Baffa, ka manta Inna Kulu?
Ai kalwa sai ta kwana a rufe take zama daddawa.

Ban amsa ba.
Uwata na hango a Soba, durƙushe gaban tukunya,
tana ɗaga buhu a hankali, tana sansanawa,
hancinta ne agogonta.

Gwajin farko, gida ya gauraye da warin miya.
Akuyar Barmani ta shinshina, ta juya baya.
Na biyu, ruwan kanumfari ya yi yawa,
harshena ya mutu har azahar.
Na uku zogale ya rina shi,
yara suka ce burodin Sallau ya ci ciyawa.
Fulawar rabin buhu ta tafi,
a wannan marra!
Na so in watsar da kwalaben a kwata.

Ita kuwa rubutu kawai take.
Ta rage nan, ta ƙara can,
awo ɗaya na wake cikin goma,
ɗigon citta, kanumfari kamar rowa.
Fensir a kunne, gari a gira,
tana hamma, ta ƙi tafiya gida.

A na bakwai ne.
Ruwa na dukan kwano, an kira assalatu a masallacin layinmu,
na zaro faranti,
na ga bayansa ja kamar tulun da ya gasu.
Na danna da yatsa, ya lotsa, ya dawo.
Na ɓara: ƙofofi ƙanana, jere kamar saƙar zuma,
da wani ɗan tsami can ƙasan harshe
wanda ban san sunansa ba
amma na san gidansu.

Muka ɗora guda a kan kanta muna gadi.
Talata. Laraba.
Alhamis na duba shi da tocila, lungu-lungu.
Juma'a na ci shi da shayi.

Tanimu bai yaba ba, ba halinsa ba ne.
Ya dai tsaya da kekensa, yana kallon gefe,
ya ce, gobe ka ƙara min goma.

Yanzu Lantana na bautar ƙasa can kudu.
Ta bar min littafinta, duk shafin maiƙo,
da kwalba ɗaya mai rai.
An ce abin da babba ya hango
yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.
To, wannan ba ta hau komai ba,
sunkuyawa ta yi, ta leƙa tukunyar kakarta.

Kowane dare kafin in hura wuta
nakan buɗe murfin, in ba ta gari da ruwa,
in kara kunne.
Tana numfashi.