Ƙofar Numfashi

Bakin Arzika ba ya buɗuwa
sai faɗin ɗan yatsa guda.
Zaizayar baki ta ci kuncinsa yana shekara biyar,
ta warke, ta bar muƙamuƙi a ƙulle.
Tun ran nan kunu yake zuƙa ta giɓi.
Yau an kawo shi daga Wurno.

Kafin mai fiɗa ya taɓa shi
ni zan sa shi barci,
in zura bututun da zai riƙe masa numfashi.
Na jera kayana a faranti, ina juya su
kamar mai cinikin jaki a kasuwar Acida.

Ga tsohon ƙarfena mai lanƙwasar lauje,
fitila a bakinsa.
Ya fi maƙogwaro dubu da muka shiga tare.
Amma lauje fili yake so,
nan ko babu wurin sa allura.

Ga mai kyamara, da ya iso bara cikin akwati,
yana leƙa bayan harshe ya nuna wa kowa a allo.
Gani daban, isa daban.
Shi ma sai an buɗe masa ƙofa.

Ga marfin roba, faifai bisa ƙwarya:
ya rufe, bai ƙulle ba.
In jini ya gangaro, zai sami gefe.

Wuƙar wuya tana can ƙarshen faranti.
Ba na kallonta.
Na dai san inda take.

Saura siririyar igiya mai ido a ka,
wadda Hajo ke mita kullum
wai wankinta ya fi aikinta tsawo.
Numfashi kan dushe mata ido, jini kan makantar da ita,
ba ta kuma son mai gaggawa.
Amma ta san hanyar hanci.

Na fesa magani. Idonsa biyu.
Ta tsakanin haƙora ya ce,
“Likita, in kun ƙare, rake nika son ci.”
Na ce, ja numfashi.

Na sassauta ta kamar guga a rijiyar rani.
Duhu. Ja. Kumfa.
Na dawo baya kaɗan, na share zufa da kafaɗa.
Sai ga fararen leɓɓa biyu
suna buɗewa, suna rufewa.
Na jira su buɗe, na wuce.

Ƙasa da su zobba a jere,
gaɓa bayan gaɓa,
sak rake.

Jakar iska ta kumbura, ta lotse, ta kumbura.
Hajo ta mayar da wuƙa cikin aljihun tebur.
Sai lokacin na ji kiran azahar,
ashe har an kusa gamawa.